Ranar da Na Zauna Kan Zabirar Baba

Jama'a, yau kam ba ni da bakin doguwar gaisuwa, ku yi haƙuri da ni. Abin da zan faɗa muku ko Inna da ta haife ni ba ta gama yafe mini shi ba. Ni Zahara'u, ɗiyar Ɗangiwa wanzami na Kebbe, na sace zabirar ubana, na kife turmi a kanta, na kuma hau turmin na zauna. Wanda bai tashi gidan wanzamai ba zai ce to mene ne, ai jakar fata ce da asake da ƙaho a ciki. A gidanmu ko tsallake ta mace ba ta yi. Ku bari in faro muku daga inda zance ya ɓaci, sannan kowa ya faɗi abin da zai faɗa a kaina.

Saurayina ne silar komai, sunansa Almu. Ɗan Tambuwal ne, ya yi karatu a Zariya, aka ɗauke shi aiki ƙarƙashin wani likita mai binciken dafin maciji. Da yake kububuwa ta yi wa ƙasarmu yawa, duk kaka sai su zo su kafa ɗan ɗakin awonsu a Tambuwal, suna ɗibar jinin waɗanda ta sara suna dubawa. Bara, shekara uku da samun mulkin kai, ya shigo Kebbe a kan keke da akwatin katako ɗaure a baya, cike da 'yan kwalabe siri-siri. Wurin wanzamai ya zo, don ya san duk wanda maciji ya sara gare su ake fara kai shi. Ni kuma Allah ya kawo ni rumfar wanzaman da furar Baba. Farar riga ce jikinsa mai aljihu uku, ga agogo a hannu, amma ƙafafun wandonsa ya ɗaure su da zare don kada sarƙar keke ta ci. Na yi dariyar wannan ɗauri har fura ta kusa zuba. Ya juyo ya dube ni, shi ma ya yi dariya, shi ke nan fa.

Kowace budurwa saurayinta na yi mata zancen ido da haƙora, ni nawa zancen jini yake mini. In ya zo da la'asar, na ci kwalliya da atamfata mai ruwan goro, na kafa kallabi, na sha kwalli, sai mu zauna bakin zaure ya fara.

"Zahara'u, in nama ya yi tauri, me Inna take yi masa?"

"Ta naɗe shi cikin ganyen gwanda mana."

"To me ke sa ya yi laushi?"

"Ikon Allah."

"Ikon Allah ne," ya ce yana dariya, "amma akwai wani abu cikin ruwan ganyen da ke datse zaren nama. Irinsa muke bincike a dafin kububuwa, mu a wurin aiki furotiyes muke ce masa. Kin ga jinin mutum yana da wani zare da yake saƙawa ya toshe rauni. Dafin nan sai ya sa jini ya ƙarar da zaren duka a banza. Daga nan ko ƙaya ce ta soki mutum, jinin ba ya tsayawa."

"Malam Almu, zance kaz zaka ko karatu?"

"Duka biyun. Ke ce kaɗai ba kya hamma in ina bayani."

Ƙarya yake, ina yi, cikin mayafi nake ɓoyewa. Amma wallahi ko lissafin duwatsun ƙofar gidanmu zai yi mini zan zauna in saurara.

Manyansa suka zo, Baba ya karɓe su hannu biyu. Aka kawo kaya: atamfa biyu, sabulu mai ƙamshi, turare ɗan goma, da 'yan kunne masu jan dutse da har yau nake mafarkinsu. Sai Ladan maƙwabcinmu ya taka kububuwa a gonarsa. Aka kawo shi wurin Baba, Baba ya yi abin da ubansa da kakansa suka yi: ya tsaga wurin sarar, ya kafa ƙaho ya ja dafi, ya barbaɗa magani. Kwana uku Ladan yana zubar da jini, ran na huɗu aka kai shi makwancinsa. A wurin zaman makoki wani dattijo ya tambayi Almu, tunda shi aikinsa ke nan, me ya gani. Ni da ina wurin da na taka masa ƙafa. Shi kuwa mutumin naku bai iya kwana ba, a gaban mutane sama da talatin ya ce, "Dafin ne ya hana jinin tsayawa, amma tsagar ce ta buɗe masa ƙofa."

Baba na zaune tabarma ta biyu. Sai da ya shigo gida ya fashe da faɗa.

"Wanga yaro ya ce ni nik kashe Ladan. Shekara arba'in nika riƙe da aska, ɗan jiya shi zaka da kwalba shi kira ni mai kisan kai? A maida mashi kayanai. Ba ni ba shi ɗiyata, kuma na rantse ƙafata ba ta taka inda shike."

Na yi kuka har murya ta dishe. Inna ta ce in rufa mata asiri in yi shiru. Yaya Sambo aka ba kayan ya mayar. Sambo yayana ne, shi kaɗai ne namijin da ya rayu a ɗakin Inna, shi ne kuma zai gaji askar Baba. Ya kai kaya Tambuwal, ya dawo ya ishe ni bayan rumbu ina share hanci, ya jefo mini wata shuɗiyar takarda a cinya.

"Ungo, sarkin kuka. In Baba ya gani ban san ki ba."

Tun daga ranar duk zuwansa kasuwar Tambuwal sai ya dawo mini da wasiƙa. Albarkacin ajin yaƙi da jahilci, ina haɗa baƙi da kaina. Ta ƙarshe har na haddace ta:

"Zahara'u, bayan gaisuwa mai yawa. Ban ce Baba mugu ne ba, kuma da zai yarda da na zo na durƙusa. Amma ba zan iya cewa abin da na gani a kwalba ƙarya ne ba. Kaka ta zo. In maciji ya sari wani naku, Allah ya kiyaye, kada a tsaga, kada a kafa ƙaho. A kawo shi Tambuwal da sauri, muna da allurar da ke kashe dafin. Ban cire rai da ke ba, ke ma kada ki cire. Naki, Almu."

Na yi ta maimaita layin ƙarshe ina murmushi kamar wawuya. Na tsakiyar ko a jikina.

Kwana tara da zuwan wasiƙar nan, Baba da Sambo suka yi sammako gonarmu ta hanyar Fakku ɗaurin gero. Hantsi ya ɗaga ina tsakar gida ina surfe, ɗaurin ƙirji ne ma a jikina, sai ga wani maƙwabcin gonarmu ya faɗo zaure yana haki.

"Ku aza ruwan zafi! Kububuwa ta sari Sambo ƙarƙashin dame, ga su nan tafe bisa jaki!"

Inna ta saki ƙwarya ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa taɓarya na hannuna, na kasa ajewa na kasa ɗagawa. Ruwan zafi. Na san na mene ne, na wanke aska ne. Ladan ya faɗo mini a rai, yadda matarsa take fitowa da tsumma jiƙe sharkaf tana komawa da wani.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na faɗa turakar Baba, ɗakin da rabona da shi tun ina 'yar mitsitsiya. Zabirar na rataye a ƙusa, ta yi baƙi don tsufa, tana warin man shanu da magani. Na fizgo ta, na fito, na juye geron da ke turmi a faifai, na kife turmin a kanta, na zauna. Inna na can murhu tana hura wuta tana salati, ba ta ga komai ba.

Aka shigo da Sambo aka shimfiɗe shi a tabarma gindin darbejiya. Ƙafar dama ta kumbura tun daga idon sawu har ƙwauri, 'yan huji biyu na tsattsafo da jini. Gumi ya jiƙa masa riga. Duk da haka da ya gan ni sai da ya yi ƙoƙarin tsokana.

"Ke kuma mi kika yi bisa turmi awa kaza bisa ƙwai?"

Baba ya shige turaka da sauri. Na ji yana ɗaga tabarma, yana jan akwati, yana buga ƙofa. Ya fito idonsa jawur.

"Ina zabirata?"

Inna ta ce, "Maigida, ba nan kab bar ta ba?"

"Na ce ina zabirata! Wa yash shiga ɗakina?"

Na ce a raina, Zahara'u, in kin yi shiru zai aika a aro ta wani wanzamin, gara ki yi magana.

"Ni niɗ ɗauke ta, Baba."

Baba ya juyo ya dube ni.

"Ke?"

"Ni. Don Allah, don Annabi, Baba, kada ka tsaga shi. A kai shi Tambuwal, suna da allura."

"Lalle yaron ga ya gama da ke. Ɗan'uwanki na kwance dafi na hawa, ke kina karanta min wasiƙar saurayi? Tashi ki ɗauko min kayana tun ban sa maki baki ba!"

Inna ta rarrafo ta kama ƙafata. "Zahara'u, ki ji tsoron Allah. Bakin uba fa! Ba shi abinai!"

Ku da kuke karatu, kada wanda ya ce da shi ne da ya san abin yi. Uwarka na riƙe da ƙafarka, ubanka na tsaye kanka da kalmar da in ta fita ba ta komawa, ɗan'uwanka na nishi a ƙasa. Kuma ni ba likita ba ce. In Almu ne ya yi kuskure fa? In dafin ya hau zuciya a hanya saboda ba a ja shi ba fa? Na kusa tashi, wallahi na kusa.

Sai Sambo ya juya kai zai tofar da yawu, yawun ya fito ja. Na dubi bayan kunnensa, na ga wani siririn jini na gangarowa wuya. Shekaranjiya Baba ya yi masa aski, aska ta ɗan taɓa shi a wurin, ɗan ƙwarzanen da ya bushe tun ranar. Ga shi ya buɗe da kansa.

"Baba, dubi bayan kunnenai."

Ya duba. Ya sa babban yatsa ya danne, ya ɗaga, jinin ya sake fitowa. Ya sake dannewa ya daɗe, ya ɗaga, ya sake fitowa.

"Baba, kai kas san jini, ni ban san shi ba. Tun ina ƙarama nika ganin kana juye ƙaho, jinin na faɗowa guda-guda awa hanta. Don girman Allah ka gaya min, ran da kay yi ma Ladan ƙaho, da guda yaf fito?"

Ban taɓa ganin fuskar ubana ta yi haka ba. Shi kaɗai ya juye ƙahon nan, shi kaɗai ya ga abin da ya zubo, kuma ashe shekara guda yana ɗauke da shi bai gaya wa kowa ba.

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Awa ruwa yaz zubo."

Ya tsuguna gaban Sambo ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Motar Malami na lodi bakin kasuwa. Tafi ki tsai da ta. Amma ki ji da kyau: in ɗana yat tafi ba tsaga, wani abu yas same shi, bisa kanki shike har gaban Allah."

"Na ɗauka, Baba."

"Ina zabirar?"

"Sai mota ta tashi nika faɗi."

Na fizgi mayafin Inna daga igiya na fita da gudu, ba takalmi. Budurwa kamata, wadda aka taɓa kawo wa kaya, tana keta kasuwar Kebbe a guje, mahauta na kira, masu goro na nunawa. Ko a kwalar rigata. Na ishe Malami direba yana ɗaure buhuna, na faɗi gabansa ina haɗa shi da Allah. Ya ce lodi bai cika ba. Na ce ran Sambo ne zai cika shi. Bawan Allah ya dube ni, ya tofar da goron bakinsa, ya ce a ba mota hannu. Kafin a tayar da ita, a juyo da ita ta lungunmu, an ɗauki lokacin da za a dafa shayi a shanye.

Da na shigo, turmi na nan a kife yadda na bar shi. Na yi hamdala. An naɗe ƙafar Sambo da farin rawanin Baba, naɗi mai kauri, Inna ta lulluɓa gwadonta a kai. Na ce a raina saboda ƙuda ne. Baba na zaune gefe ya ba mu baya. Da aka ɗauki Sambo ya taso ya dafa kansa, ya ce, "Allah shi kai ku lafiya," ya tsaya nan bakin zaure saboda rantsuwarsa. Mota na tashi na leƙo na ce, "Tana ƙarƙashin turmi, Baba, ka yafe min!" Bai ko ɗaga kai ba.

Hanyar Kebbe zuwa Tambuwal a ƙarshen damina, Allah kada ya haɗa maƙiyinka da ita da mara lafiya. Sau biyu muna kafewa a laka, maza na sauka suna turawa. Muna bayan mota cikin buhuna, kan Sambo a cinyata, Inna na wajen ƙafa ta riƙe gwadon nan gam, ko iska ba ta bari ta ɗaga shi. Ina share masa baki da gefen mayafi, mayafin na rinewa. Leɓensa ya yi fari. Ina ta yi masa surutu don kada ya lumshe ido.

"Yaya, ka ji, in ka warke ni ka wanke maka riga har shekara."

"Ke da ba ki iya wanki ba," ya ce da ƙyar.

Na yi dariya hawaye na zuba a goshinsa. Inna kuwa tun da muka taso ko ido ba ta yarda mun haɗa ba. Na ɗauka fushin zabira ne.

La'asar ta wuce muka shiga Tambuwal. Almu na tsaye ƙofar ɗakin awo yana wanke kwalabe a daro. Wata goma sha ɗaya rabona da ganinsa, ya rame, rigar nan mai aljihu uku ta yi masa yawa. Na sha tsara abin da zan ce masa ran da muka haɗu. Abin da ya fito bakina shi ne, "Kububuwa! Sambo!"

Ya watsar da daron. Shi da malamin asibiti suka kwantar da Sambo a gado mai shimfiɗar roba. Almu ya ɗebi jini a hannunsa ya zuba cikin 'yar kwalba, ya tsayar da ita a tebur, ya kwance agogonsa ya aje kusa da ita. Malamin asibiti na fasa kwalbar allura.

"Yaushe ta sare shi?"

"Da hantsi."

"An tsaga?"

"Ba a tsaga ba!" Har da ɗaga murya, don abin da na iya yi ke nan a duniya kuma na yi shi. "Na ɓoye zabirar Baba, ko aska ɗaya ba ta taɓa shi ba."

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. "Ke kika yi wannan? To alhamdulillahi. In dai ba a buɗe masa jiki ba, allurar za ta riga jinin. Inna, ɗan ɗaga gwadon in ga ƙafar."

Inna ba ta ɗaga ba. Sai da ya sake roƙonta, sannan ta saki, ta juya fuska bango.

Rawanin Baba ba sauran fari a jikinsa. Almu ya fara warwarewa, naɗi ɗaya, naɗi biyu, jini na ɗiga a siminti. Da ya cire na ƙarshe sai ga su: tsaga uku a jere sama da idon sawu, tsawonsu ɗaya, tazararsu ɗaya, an cusa garin magani a ciki jini ya wanke shi. Ko cikin tsaga dubu na san hannun ubana.

"Inna?" na ce. "Inna, da mi? Zabirar na ƙarƙashin turmi!"

Ta fashe da kuka. "Wanzami na rabuwa da aska, ɗiyag ga? Akwai ƙarama cikin kuben da shika ɗaurawa ga ƙugu. Kina fita yac ce in riƙe ƙafar."

Shekara goma sha tara ina gidanmu, ban taɓa sanin da wannan askar ba. Na dubi Sambo. "Kai kuma kab bari? Kai da kaka kawo min wasiƙun, ka san abin da ac ciki!"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Kuka shikai, Zahara'u. Ya ce ba shi iya sallama ɗanai hannu wofi, ba shi da abin da za shi ba ni sai wanga. Ubana na. Ni nim miƙa mashi ƙafar."

Almu ya ɗauki 'yar kwalbar nan ya karkata ta a hasken taga. Jinin ya gangaro gefe kamar jan shayi, ko alamar guda babu. Da ma ya yi mini ƙarya ya ce kada in damu. Ya soka allurar a jijiyar hannun Sambo, ya ce wa malamin asibiti ya fasa ta biyu. Sannan ya dunƙula auduga ya ɗora kan tsagar, ya kamo hannayena biyu ya aza a kai, ya danna da nasa.

"Danne nan da duk ƙarfinki. Allurar na bukatar awa shida kafin jini ya fara kamawa."

"Yana da jinin awa shida a jikinai, Almu?"

Ya dubi fuskar Sambo, ya dubi abin da ke ƙasa a siminti.

"Kada ki ɗaga hannunki, Zahara'u. Ko me kika ji, ko me kika gani, kada ki ɗaga."

Na danna har kafaɗuna na rawa. Audugar ta yi ɗumi, ta yi nauyi, sannan na ji jinin yana biyowa ta tsakanin yatsuna.

"Yaya," na ce, "yi min magana. Ce min sarkin kuka."

Leɓensa ya motsa. Na kai kunnena kusa, ban ji komai ba.